An Biya Mini Kujerar Makka, Amma Ina Tsoron Tashin Jirgi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai shekara 38, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kano. Bana maigidana ya biya mini kujerar aikin Hajji, har mun fara zuwa bita, amma maimakon murna zullumi ne ya cika mini zuciya. Sau ɗaya na taɓa hawa jirgin sama, shekara uku da suka wuce, daga Kano zuwa Legas. Da jirgin ya fara gudu a ƙasa zuciyata ta shiga dukan uku-uku, bayan mun ɗan tashi kuma na ji ƙarar injin ta ragu, jirgin ya yi kamar zai rikito. Yatsuna da leɓɓana suka mutu, numfashina ya sarƙe, na saddaƙar cewa ajali ne ya zo. A mota na dawo gida. Yanzu ko ƙarar jirgi na ji ta saman gidanmu sai gabana ya faɗi, har mafarkin faɗuwa nake yi. Wata 'yar'uwata ta ce raunin imani ne, wata ta ce faɗuwar gaban ishara ce kada in tafi, wata ƙawata kuma ta ce za ta ba ni ƙwayar barci in sha. Ban gaya wa maigidana ba saboda kunya, ga kuɗin da ya kashe. In haƙura da tafiyar ne, ko akwai yadda zan yi?

Maniyyaciya, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Ina taya ki murna da wannan kira da Allah Ya yi miki, ina kuma roƙon Ya saka wa maigidanki da alheri. Amsata ita ce kada ki haƙura da tafiyar. Sai dai ba zan yi miki alkawarin cewa tsoron zai gushe ƙaf kafin ranar tashi ba, kuma ba na so ki kafa wa kanki wannan sharaɗi, domin mutane da yawa sun zauna jiran ranar da za su wayi gari babu ɗigon fargaba sannan su hau, ranar kuwa ba ta zuwa da kanta. Abin da za mu nema shi ne ki iya shiga jirgi da tsoronki, kin san abin da jirgin yake yi, kin san abin da jikinki yake yi, har minti biyu ko ukun nan da suka fi tsanani su wuce.

Wadda ta ce miki raunin imani ne ba ta yi miki adalci ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ta faɗa. Tsoro halitta ce da Allah Ya sanya a jikin ɗan'adam kamar yunwa da ƙishirwa, kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin cewa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ransa ranar da ya fuskanci matsafan Fir'auna, Allah bai zarge shi ba, sai Ya kwantar masa da hankali. Tawakkali aikin zuciya ne, ba a auna shi da saurin bugun jijiya ko zufar tafin hannu. Maganar wadda ta ce ishara ce ta fi damuna, domin irin wannan magana ce take mayar da tsoro hujja. Faɗuwar gabanki ba ta ɗauke da wani labari game da jirgin da za ki hau, wanda ko ranar tashinsa ba a sanar ba tukuna. Labarin da take ɗauke da shi na tafiyar Legas ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma gudun da ya yi bai mayar da tsumman maciji ba. Mafarkin faɗuwa kuwa, abin da kika wuni kina saƙawa ne yake biyo ki makwanci. Fasa tafiya saboda camfi abu ne da addini ya yi hani a kansa, ki tambayi malamar da take yi muku bita za ta ƙara miki bayani.

Ban ce tsoron jirgi ba shi da tushe a ƙasarmu ba. Duk wanda ya tashi a Kano ya ji labarin jirgin alhazai da ya yi haɗari wajen sauka a watan Janairun 1973, inda mutum 176 suka rasu, kuma da wayonki jirgi ya faɗa unguwar Gwammaja a watan Mayun 2002. A watan Oktoban 2006 muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a jirgin da ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Muna tuna waɗannan da watanninsu saboda girmansu da ƙarancinsu, alhali jirage wajen 100,000 ne suke tashi su sauka a duniya kowace rana ba wanda yake ba da labarinsu. Kowane haɗari ana bin diddiginsa don a gano musabbabinsa, a gyara ƙirar jirgi ko horon matuƙa ko dokar aiki. Farfesa Arnold Barnett na jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya daɗe yana bin wannan ƙididdiga, ya nuna cewa tsakanin 1968 da 1977 ana rasa fasinja ɗaya a cikin kowane hawa 350,000, amma tsakanin 2018 da 2022 adadin ya koma ɗaya a cikin miliyan 13.7. Ƙasashe sun bambanta wajen kiyayewa, sai dai raguwar ta game kowane ɓangare. A nan gida kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ƙirga fiye da mutum 5,000 da suke rasuwa a titunanmu cikin shekara guda. Ranar da kika shiga mota daga Legas zuwa Kano, tafiyar wajen kilomita 1,000, hankalinki ya kwanta, amma hanyar da ta fi haɗari kika bi.

Na san ƙididdiga ba ta shiga kunnen mutum lokacin da zuciyarsa take bugawa, don haka ba zan tsaya a kanta ba. Abin da zai fi amfanar ki shi ne ki san tashin jirgi daki-daki, domin abin da ya firgita ki a wasiƙarki abu ne da kowane jirgi yake yi a kowane tashi, da gangan kuma bisa tsari. Bayan an rufe ƙofofi wata mota ce take tura jirgin baya, a lokacin ne kuma ake tayar da injuna. Iskar sanyin da ke fitowa ta samanki za ta iya tsayawa na ɗan lokaci, har ki shaƙi wari kamar na kalanzir, wanda dama man jirgi danginsa ne. Sai ki ji wani gurnani a ƙarƙashin ƙafafunki, in kina kusa da taga ki ga bayan fukafukai yana zazzagowa yana ƙara faɗi. Ƙarin fiffike ne ake shimfiɗawa domin jirgin ya tashi ba sai ya yi gudu mai yawa ba. In da dare ne za a rage hasken ciki don idanu su saba da duhun waje.

Idan jirgin ya daidaita a kan titin tashi, injunan za su yi ruri, ki ji an manna bayanki da kujera, tayoyi suna ƙwanƙwasa gaɓoɓin titi, ma'ajin kayan da ke samanku suna kakkarwa. Wannan gudu bai cika kai minti ɗaya ba, a cikinsa jirgin yana kai kilomita 250 zuwa 300 a awa, babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa ya haura kilomita 3. Tun kafin a rufe ƙofa matuƙan sun lissafa nauyin jirgin da mutanensa da kayansa da mansa, sun duba zafin gari da yanayin iska, sun fitar da wani adadin gudu wanda in ba a kai shi ba za a iya taka birki a tsaya lafiya, in kuma an wuce shi jirgin zai iya tashi ko da inji ɗaya ya mutu. Ba a ba jirgin fasinja izinin aiki sai an tabbatar yana iya hakan, kuma matuƙa sukan koma na'urar gwaji kusan duk wata shida su maimaita wannan yanayi har ya zame musu jiki.

In abin da ke damunki shi ne ganin ƙarfe mai wannan nauyi a kan abin da ido ba ya gani, ki tuna yadda iska take tokare tafin hannu idan an ɗan fitar da shi ta tagar mota mai gudun kilomita 100, har ta ɗaga shi in an karkata shi sama. Idan gudu ya ninka uku, ƙarfin wannan tokarewa yana ninkawa tara. A gudun da jirgi yake tashi, iska aba ce mai kauri da fukafukai suke kwance a kanta.

Yanzu ga wurin da ya ba ki wahala. Hancin jirgi yana ɗagawa ƙarar tayoyi za ta ɗauke, bayan 'yan daƙiƙu ki ji gurnani da bugu a ƙarƙashi, wato tayoyin ne suka naɗe suka shige ma'ajinsu aka rufe. Da jirgin ya kai tsayin mita 300 zuwa 450, cikin minti na farko da barin ƙasa ko jim kaɗan bayansa, ana rage ƙarfin injuna da gangan, domin ƙarfin da ake buƙata wajen rabuwa da ƙasa ya fi wanda ake buƙata wajen ci gaba da hawa, kuma barin inji a ƙarshen ƙarfinsa yana gajiyar da shi, yana kuma damun unguwannin da ke ƙasa. Sannan a ɗan sauke hancin jirgin don ya ƙara gudu, a fara janye ƙarin fiffiken nan da aka shimfiɗa. Ƙara ta ragu, hanci ya sauko, sai cikinki ya ce miki ana faɗuwa. Ba faɗuwa ake yi ba, ƙanwata, jirgin yana ci gaba da hawa, saurin hawan ne kawai ya ragu. A can cikin kunnen mutum akwai wata 'yar gaɓa da take gaya wa ƙwaƙwalwa ko ana hawa ko ana sauka, amma canji take ji, ba ta san tsayi ba, saboda haka raguwar saurin hawa da fara sauka duk ɗaya ne a wurinta. In kin taɓa shiga lifta a dogon bene, kin san yadda ciki yake yin wani iri daidai lokacin da take shirin tsayawa a hawan sama, alhali har lokacin sama take yi. Abin da kika ji ke nan a sararin samaniyar Kano shekara uku da suka wuce, kuma za ki sake jin sa a wannan jirgi da kowane jirgi. Ina so ki jira shi kamar yadda ake jiran baƙon da ya aiko da ranar zuwansa.

Bayan haka jirgin zai karkata gefe ɗaya don ya kama hanyarsa, taga ɗaya ta cika da ƙasa, ɗayar ta cika da sama. Da wannan karkata jirgi yake yin kwana, kuma ba ta kai yadda ido yake nunawa ba. Ƙararrawar da kike ji jefi-jefi saƙo ne tsakanin matuƙa da ma'aikata, ɗaya daga ciki takan nuna an wuce tsayin mita 3,000, inda ma'aikata suke tashi su fara hidima. In an shiga gargada wajen ratsa gajimare ko saboda zafin rana da yake tayar da iska daga ƙasa, abin da ake nema a wurinki shi ne bel ɗin kujerarki ya kasance a ɗaure. Ana gwada fukafukan jirgi da nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake tsammani sau ɗaya da rabi, kuma manyan jiragen da ake kwasar alhazai da su sun fi ƙanana natsuwa a cikin iska.

Saura abin da jikinki yake yi. Idan ƙwaƙwalwa ta zaci akwai haɗari, ko da babu, tana sa a kwararo wani sinadari mai suna adirenalin a cikin jini, wanda aikinsa shi ne shirya mutum ya gudu ko ya kare kansa. Shi ne yake sa zuciya gudu, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa. Sai numfashi ya koma sama-sama da sauri, mutum yana fitar da iskar kabon fiye da kima, ƙarancinta a jini kuma shi ne yake kawo jiri da mutuwar yatsu da leɓɓa da jin kamar an shaƙe wuya. Wato a lokacin da kika ji numfashinki ya sarƙe, ba ƙarancin iska ne ya dame ki ba, yawan shaƙa ne, iskar cikin jirgi kuwa ana sabunta ta duk bayan minti biyu zuwa uku. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwarsa cikin minti goma ko ƙasa da haka, sannan ya fara sauka da kansa. Yana da azaba ƙwarai, ban raina shi ba, amma ga mai lafiyar zuciya ba ya kisa, ba ya haukatarwa, kuma da wuya ya sumar da mutum.

Abin da zai sassauta shi nan take yana wajen fitar da numfashi. Ki ɗora hannu a kan cibiyarki, ki shaƙa ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu har ki ji cikin ya taso, sannan ki fitar ta baki kamar mai hura kunu mai zafi, kina ƙirga shida ko takwas. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka daga yau ki riƙa yin sa minti biyar bayan sallar Asuba da minti biyar bayan Isha'i, har ya zama jikinki ya san shi ba sai kin yi tunani ba. A kujera ki dasa ƙafafunki a ƙasa, ki jingina kanki, ki saki kafaɗu, kada ki ƙanƙame hannun kujera, domin ƙanƙamewa tana ƙara gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai abin gudu. Kada kuma ki runtse ido lokacin tashi, don idan ido ya rufe, kunnen nan mai ruɗuwa ne kaɗai yake ba da labari. Ki kafa ido a kan abu guda a gabanki, in akwai allon da ke nuna tsayi a bayan kujera ki kalli lambobin suna ƙaruwa daidai lokacin da cikinki yake cewa ana sauka. Ki rubuta matakan nan a 'yar takarda da hannunki, tun daga gudu da ɗaga hanci da shigar tayoyi har zuwa raguwar ƙara da karkata da ƙararrawa, ki riƙe ta, duk wanda ya faru ki ce a ranki ga shi ya zo.

Addu'ar hawa abin hawa, wadda take cikin aya ta 13 da ta 14 a Suratuz Zukhruf, na san an koya muku ita a bita. Ki karanta ta kina lura da ma'anarta, domin tsarkakewa ce ga Wanda Ya hore mana abin da ba mu da ikon sarrafa shi da kanmu, wannan kuwa shi ne ainihin abin da yake damun mai tsoron jirgi, wato akalar ba a hannunsa take ba. Ya kuma tabbata cewa sahabbai idan suna hawa tudu a tafiya kabbara suke yi, idan suna gangarowa su yi tasbihi. Ki haɗa kabbararki da fitar numfashi, kowace fitarwa kabbara ɗaya a tsanake. Abin da nake jan hankalinki a kai shi ne kada ki riƙa jero addu'a da haki da gaggawa kamar da harshenki kike riƙe da jirgin, in kin yi shiru zai faɗi. Wannan yana ƙara wa firgici wuta, yana kuma hana ki natsuwar da ake nema a zikiri.

Dawowar da kika yi a mota ban zarge ki a kanta ba, amma ita ce ta raini tsoron har ya girma, domin ƙwaƙwalwarki ta riƙe cewa kin tsira ne don kin gudu, ba ta samu damar ganin cewa da kin sake hawa lafiya za ki sauka ba. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da tabbatar da cewa gujewa ce take ciyar da irin wannan tsoro, kusantar abin mataki-mataki kuma ita take rage shi. Ki fara da mai sauƙi. Idan jirgi ya bi ta saman gidanku, ki fito tsakar gida ki bi shi da ido har ya ɓace kina numfashin da na kwatanta. Ki nemi bidiyon tashin jirgi da aka ɗauka daga kujerar fasinja, suna da yawa a YouTube, ki ƙara sauti ki kalla kullum kina faɗin matakan, har ranar da za ki ji ya gundure ki, gundurar nan kuwa ita muke nema. Ki kauce wa bidiyon haɗurra da ake turawa a WhatsApp, ki kuma roƙi masu kawo miki irin wannan labari su dakata. In da hali, zuwa Abuja da dawowa ta jirgi tare da maigidanki, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a sama ba, za ta yi miki amfanin da dogon bayanina ba zai yi ba. In babu hali kada ku ci bashi saboda ita.

Wannan ba zai yiwu ba sai kin gaya masa. Mutumin da ya tara wannan kuɗi don ki je ɗakin Allah ya fi son ya sani yanzu, lokacin da zai iya taimakawa, da ya gani a sansanin alhazai kina kuka kin ƙi shiga. Ki nuna masa cewa ba fasawa kike son yi ba, shiri kike son yi, kuma kina neman ya tsaya miki. Ɓoye tsoro kansa wani nauyi ne, za ki ji sauƙi da zarar kin sauke shi.

Ƙwayar ƙawarki kuwa, don Allah kada ki karɓa. Ba ki san abin da take ba, ba ki san yadda za ta yi da jikinki ba, kuma barci mai nauyi a zaune na awoyi yana ƙara yiwuwar daskarewar jini a jijiyar ƙafa. A 1997 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada wani magani mai kwantar da hankali a kan mata 28 masu tsoron jirgi. Waɗanda aka ba su sun ji sauƙi a tashin farko, amma da aka sake tashi da su bayan mako guda ba magani, firgicinsu ya ƙaru, waɗanda ba a ba su ba kuwa tsoronsu raguwa ya yi. Maganin yana hana ƙwaƙwalwa koyon darasin da muke so ta koya. Ga shi kuma dokar Saudiyya tana da tsauri a kan shiga da irin waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba. In likita ya duba ki ya ga akwai buƙata, wannan daban ne, shi zai faɗi adadi ya kuma rubuta miki takarda.

Lokacin gwajin lafiyar maniyyata ki faɗa wa likita abin da ya same ki ba ragi, a auna jininki, a saurari zuciyarki, domin hawan jini da asma da ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna iya kawo alamu masu kama da waɗannan. Akwai kuma tambayar da nake so ki yi wa kanki da gaskiya: a jirgi kaɗai abin yake zuwa, ko kina jin sa a cunkoson kasuwa, a lifta, a ɗakin da aka rufe? In haka ne, to abin da kike tsoro shi ne rasa hanyar fita, ba faɗuwar jirgi ba, kuma wannan ya fi muhimmanci a gyara kafin tafiya, domin ɗawafi da jifa da hanyoyin Mina cunkoso ne da ba a fita daga cikinsa yadda aka ga dama. A nan ina ba ki shawara ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ki nemi ganin masanin halayyar ɗan'adam. Zuwa can ba alamar hauka ba ce, kuma irin wannan tsoro yana cikin waɗanda suka fi saurin jin magani ta hanyar zama da tattaunawa da gwaji.

Ranar tafiya ki sa a ranki cewa za a iya daɗewa a sansani, a ɗage lokacin tashi fiye da sau ɗaya, kuma jira yana ƙara zullumi, don haka ki ci abinci marar nauyi kada ki hau da yunwa, ki sha ruwa, ki bar goro da kofi da shayi mai kauri, don su kansu suna sa zuciya gudu. Ki nemi wata cikin maniyyatan ƙaramar hukumarku da ta saba hawa jirgi, mai natsuwa ba mai yawan labari ba, ki roƙa a zaunar da ku tare, in ya samu a daidai fukafukai, inda jijjiga ta fi sauƙi. Da shigarki ki gaya wa ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin cewa kina tsoron tashi, sun saba da wannan, za su riƙa leƙo ki. In kunnuwanki sun toshe ki haɗiyi yawu ko ki tauna cingam, in an kashe alamar bel ki tashi ki ɗan taka. Tafiyar da kakanninmu suke yi a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu cikin shekaru, wasu har suka zauna a can, ke za ki yi ta cikin 'yan awoyi. In tsoron ya taso duk da wannan shiri, kada ki ɗauka kin gaza, ki bar shi ya hau ya sauka kina kan numfashinki da takardarki, haka kuma a jirgin dawowa.

Ki fara numfashin nan yau bayan Isha'i, ki yi wa maigidanki maganar a daren nan, bayan mako biyu kuma ki sake rubuto mini ki gaya mini a wane mataki bidiyon yake tayar miki da hankali, mu san inda za mu ƙara ƙarfi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa a yi karɓaɓɓiya. In kin isa Rauda, ki sa ni a addu'a.